Kwamin Rijiyar Fatake

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024
Baba ya sake ficewa. Wani manomi ya tsince shi bayan tsohuwar ganuwa, ba takalmi, shina tambayar ina jakunansa. Jakunan da anka sayar tun ina goye. Yaya Atiku ya kira daga Sakkwato, ya ce ƙarshen wata zai zo ya ɗauke shi, gidansa akwai katanga da ƙyauren ƙarfe. Na san Baba. In anka raba shi da Wurno, ba zai ga wata damina ba.

Lahadi, 6 ga Oktoba
Matata Ummukulthum ta ce, "Maimakon tsare shi, mi zai hana ka bi shi ka ga inda yake son zuwa?" Ni Yazid, da ko masallacin unguwa sai da mashin! Matar nan ba ta tausayin ƙafafuna.

Laraba, 9 ga Oktoba
Na bi shi bayan na taso daga makaranta. Ashe ba yawon banza yake ba. Tsohuwar hanyar fatake yake bi, wadda suke kai albasa da tafarnuwa Rabah a kan jakuna. A gida bai san ni ba, "Malam" yake ce mini kamar baƙo. Muna wuce ganuwa sai baki ya buɗe. Nan ƙofa take da, nan marina, tsamiyar can zango ce, nan ayarin Goronyo ke haɗuwa da nasu. Ina koyar da tarihi a aji shida, ina wuce ramukan marinar nan kullum, na ɗauka ramin ɗibar ƙasa ne. Na ji kunya ƙwarai.
Da sunan Sale yake kirana a hanya. Abokin fataucinsa ne, ya daɗe da rasuwa. Abin ya sosa mini rai, ban amsa ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Ƙafa ta yi bororo. Shi ko a jikinsa.

Asabar, 12 ga Oktoba
Mun kai wata rijiya a tsakiyar gonakin dawa, da kwamin dutse a gefenta na shayar da dabbobi. Munka sha, na juya zan tafi. Ya daka mini tsawa: "Sale, mi kaka yi haka? Ba a barin kwami wayam. Wani na tahe bayanka." Haka na yi ta jan guga da igiyar da makiyaya sunka bari, har kwami ya cika. Jakin wa zai sha? Oho. Amma mun dawo ya ci tuwo har da ƙari, ya yi barci bai nemi ƙofa ba.
Ba mu wuce rijiyar, saboda halin rashin tsaro da ake ciki. Da la'asar sakaliya muna gida.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Tun da munka fara bai ɓace ba. Na gaya wa Yaya, ya ce sai ya gani da idonsa. To, shi zo shi gani.

Juma'a, 25 ga Oktoba
Ƙafar Baba ta kumbura, ƙaya ce ta soke shi. An cire, an ce ya huta mako guda. Gobe Yaya zai zo. Mi zan nuna masa? Tsoho a kan tabarma shina ce mini Malam. Tsoro nake ji.

Asabar, 26 ga Oktoba
Ya zo da mota, har da filo a kujerar baya. Na ce, "Yaya, kafin a haɗa kaya, zo mu taka." Ya dubi takalminsa mai sheƙi, amma ya biyo ni. Na nuna masa ƙofa, marina, zango, duk yadda Baba ya faɗa. Sai haki yake. A rijiya munka sha. Ban gaya masa komi ba, wallahi. Sai na ga ya naɗe hannun riga ya ɗauki guga. Ya ce shina ƙarami Baba ya taɓa ɗora shi a jaki har nan, ya manta sai yau.
Mun dawo wandunanmu a jiƙe. Baba ya dube mu ya ce, "Kun cika?" Yaya ya ce, "Mun cika, Baba." Ya ce, "Madalla, Atiku." Yaya ya fita zaure, ya daɗe bai dawo ba.
Motar ta koma da filonta. Ya ce zai aiko wa Baba takalmi mai taushi.
Shi anka gane, ni da nake jan guga kullum ko oho. Na ji kishi, ba zan ɓoye ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba
Ƙafa ta sauka, mun koma hanya. Dawa ta nuna, an fara yanka. Mun tarar da akuyoyi na shan ruwan da na zuba jiya. E, jiya ma na zo, ni kaɗai. Ummukulthum ta ce kaza ta fara kwana a kan mashin ɗina. Mai ne ya yi tsada, shi ke nan dalili.
Har yanzu Sale yake ce mini. Yau a bakin rijiya ya kira, na ji kaina na ce "Na'am" tun bai rufe baki ba.