Shekara Biyar Ɗin Da Na Ara A Kaduna

Zuwa ga Daraktan sashen kula da naƙasassu na council, wato ƙaramar hukumar unguwarmu, a nan kudancin London.

Ranka ya daɗe,

Ina gaishe ka, da iyalinka, da ma'aikatanka, har da waɗanda suke ajiye mini waya ina cikin magana. Sunana Garba Reluwe, tsohon mai wanke jiragen tube, masu bi ta ƙarƙashin ƙasa. Shekara shida ke nan ina roƙonku abu ɗaya: ku bar ni in zaɓi wanda zai yi mini wanka. Wasiƙa huɗu na sa an rubuto muku da Turanci, abin da na samu kati huɗu ne masu cewa an karɓa. To wannan ta biyar da Hausa ce, kuma za a manna ta a ƙofar masallacinmu kowa ya karanta. Ni ban yi makaranta ba. Maƙwabciyata Madam Rifkatu, nas ce mutuniyar Jos, ita take rubutawa ina faɗa. Shekara ashirin da bakwai ina yawo da takardunku ina neman mai karanta mini. Yau kai ma ka nemi mai karanta maka.

Na ɗaya, halin da nake ciki. Shekara takwas da suka wuce, ina tsaye a wurin aiki da burushi a hannu, ɓarin jikina na dama ya shanye. Matata Asabe ta yi jinyata shekara biyu, sannan Allah ya yi mata rasuwa. Tun daga nan kuke biyan wani kamfani yana turo mini masu kula da ni. Ban ce mugaye ba ne. Amma yau wannan fuska, gobe waccan, kuma yawancinsu mata, wasu sa'annin 'yata. Ni da 'yar cikina ba ta taɓa ganin gwiwata ba, ga ni a zaune kamar jinjiri ina kallon silin, ana goge ni da tsumma a ruwan kwano ɗaya tun daga fuska har ƙafa. Wannan ba wanka ba ne, Yallaɓai, ko sallah ba ta yiwuwa da shi. Ƙarfe shida na yamma a kwantar da ni, don haka jadawalin kamfani ya ce, ko da lokacin zafi ne rana tana tsaye a taga. Kajin gidanmu a Kaduna sun fi ni daɗewa a waje. Da farko na yi booking a kamfanin a kai ni sallar Juma'a, an yi cancel, na sake yi, an sake yi. Wata baiwar Allah ta ɗauki butar alwalata ta shayar da fulawar tagata, har ta yaba mini kyan butar.

Na biyu, mutumin da nake so. Malam Issaka mutumin Kumasi ne, ɗan zango, yana aiki a ɗakin wanki na wani otal. Hausarsa ba ta san mace ba, kowa "shi" ne a bakinsa har Madam Rifkatu, amma hannunsa ya san aiki. Tun rasuwar Asabe, kowace Juma'a yana zuwa da hantsi. Ya cika bokiti, ya zaunar da ni a kujerar roba, ya zuba mini ruwa daga kai kamar yadda ake wa mutum, ya fara da dama, ya kau da ido inda ya kamata. Ya yi mini aski, ya sa mini riga, ya tura kekena zuwa masallaci. Ko kwabo bai taɓa karɓa ba, sai zagin da nake yi masa idan ruwan ya yi zafi. Yanzu otal sun ce ko ya karɓi aikin yini har da Juma'a, ko ya bar musu aikinsu, kuma ƙarshen wata mai zuwa suke son amsa. Yana da mata da 'ya'ya huɗu. Ba zan ce ya zaɓe ni ya bar bakin 'ya'yansa ba.

Na uku, laifina na farko, don kada ka ce duk a kanku na ɗora. A farkon ciwona an ce akwai wani asusu da ake ba naƙasasshe kuɗi a hannu ya ɗauki mai kula da shi. Aka turo wata mata ta duba ni. Da na ji baƙuwa za ta zo daga hukuma, sai na sa Asabe ta yi awa ɗaya tana cusa ni cikin babbar riga, na kafa hula, na ɓoye hannun da ya mutu a cikin aljihu, aka kawo shayi da biskit. Matar ta tambaye ni yaya jiki, na ce alhamdulillahi, da sauƙi ƙwarai. Ta tambaya ko ina iya wanka da kaina. Yallaɓai, a inda na fito, mai gemu ba ya duban matar da bai sani ba ya ce mata ba ya iya wanke kansa. Na ce ina iyawa. Asabe tana tsaye a ƙofar kicin tana harara ta. Matar ta rubuta abin da ta ji, ta yi godiya ta tafi. Ita ba ta yi ƙarya ba, ni na yi. Kafin in sauko daga kan girman kaina in sake nema, an rufe ƙofar asusun.

Na huɗu, laifina babba. Bara sabuwar doka ta fara aiki, wadda ta ba council damar miƙa wa naƙasasshe kuɗin kula da shi, ya ɗauki wanda yake so, a lokacin da yake so. Ma'aikaciyarku da take zuwa duba ni, yarinya mai kirki, ita ta kawo mini labarin. Na ce a kira Issaka. Har na fara tsara masa awoyi. Sai ta buɗe fayil ɗina, ta ce dokar ta waɗanda ba su kai shekara sittin da biyar ba ce, ni kuwa sittin da bakwai gare ni.

To ba sittin da bakwai gare ni ba. Sittin da biyu ne.

Ga yadda aka yi. Ina ɗan shekara goma sha shida na so aikin reluwe a Kaduna, aka ce ba a ɗaukar yara. Kawuna ya kai ni ƙofar kotu wajen malamin da yake rubuta wa mutane takardar rantsuwar shekaru. Malamin ya dube ni sama da ƙasa, ya ce tsawon nan zai ɗauki ashirin da ɗaya. Na goga gawayi a saman leɓe, na ƙara kauri a murya, na rantse. Aka ba ni ranar haihuwa, ɗaya ga Janairu, irin ta kowa da kowa a layin. Daga wannan takardar aka yi mini fasfo lokacin da wani injiniyan reluwe ya taho da ni ƙasar nan in yi masa aikin gida, daga fasfo kuma aka buga hatimi a ofishin shige da fice na Croydon. Yayana Musa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda nake bi masa, shi an sa shi makaranta, sunansa da shekararsa suna cikin rajista. Yana nan da rai a Zariya, shekararsa sittin da huɗu. Wato a takarda na girmi yayana da shekara uku. Duk sallah idan na buga masa waya sai ya ce, "Barka da sallah, Yaya Garba."

Kuma ba zan ɓoye maka ba, na ci moriyar abin. Ranar da littafin fansho ya zo, shekara biyu da suka wuce, na aika aka sayo nama a Catford, na tara mutane a flat ɗina, na ba su labarin gawayi, muna ta dariya wai na yi wa gwamnatin Ingila wayo. Issaka kaɗai bai yi dariya ba. Yana miƙo mini nama ya ce, "Alhaji, wata rana za su zo su nemi shekarunsu." Ba su ma zo ba. Suna zaune a ofis, ni na kai kaina.

'Yata Zainab, wadda aka haifa a nan, ta bugo daga Manchester da ta ji zan rubuta wannan. Ina yi mata Hausa tana amsawa da Turanci, amma na gane: wai zan jawo wa kaina ɗauri da bakina. Madam Rifkatu ma sau biyu tana ajiye biro tana tambayata ko na tabbata. Na ce ta rubuta. Idan kurkuku ne, a tura ni da kekena. Can ma dole a nemo mai yi mini wanka, kuma na ji an ce masu gadin maza ne.

Na biyar, tambayar da ba ta shafi ƙaryata ba. A ce ma sittin da bakwai ɗin ne da gaske. Me yake samun mutum ranar da ya cika sittin da biyar, da zai sa ya manta wanda ya iya masa wanka? An gaya mini wanda ya shiga tsarin kafin ya cika sittin da biyar ba a cire shi idan ya wuce. Ashe ke nan ba hankalin tsoho ake shakka ba, ƙofa ce kawai aka ja. Ni ban ce a ƙara mini ko fam ɗaya ba. Awoyin da kuke biyan kamfani, su nake so a ba ni in biya Issaka. Idan tsoronku shi ne ban iya karatu ba, Madam Rifkatu ta yarda ta riƙe takardun, kuma mace ce da ko ni ba ta raga wa.

Saboda haka ga roƙona.

Ka karɓi shekaruna na gaskiya. Wasiƙar Musa da takardar makarantarsa suna hannuna. Littafin fansho ma ga shi a ƙarƙashin matashina, a gaya mini inda zan mayar da shi da yadda zan biya abin da na ci. Na ari shekara biyar a Kaduna, na yi aiki da su shekara arba'in da shida, sun ishe ni.

Idan doka ta ɗaure maka hannu, ka sa kamfanin nan su ɗauki Issaka aiki su turo mini shi, shi kaɗai, ba wanda jadawali ya faɗo a kansa ba. Idan wannan ma ya fi ƙarfinka, ka faɗa mini ƙofar da zan buga a gaba, in sa a tura ni can.

Idan kuma kana zaton tsohon nan rigima ce kawai ta ishe shi, to rigimar akwai ta, ban musa ba. Amma ka zo ranar Juma'a ƙarfe sha ɗaya ka ga yadda nake fitowa daga hannun Issaka, ka dawo ranar Talata ka ga yadda nake fitowa daga hannun kwano. Wannan karon ba zan sa babbar riga ba, kuma idan ka tambaye ni jiki zan gaya maka.

Allah ya kai ka sittin da biyar da ƙafafunka biyu, ya wuce da kai lafiya. Idan kuma ya ƙaddara wata rana wani ne zai cire maka riga, Allah ya sa wanda ka zaɓa ne.

Issaka zai ba otal amsa ƙarshen wata mai zuwa. Ni ma kafin nan nake son tawa. Ba kati ba, Yallaɓai. Ko a'a ce, ka rubuta ta da hannunka, ka sa sunanka a ƙasa, in san wanda ya ce. Na tona asirina a ƙofar masallaci don in ji muryar mutum ɗaya daga ofishinka. Ka amsa mini.

Wassalam.

Garba Reluwe,
ƙanen Musa.