Soson Teku a Kwalaben Malsun

Busan, 26 ga Yuli

Ƙanwata Malsun,

Bayan gaisuwa, ƙugun da aka yi wa aiki yana warkewa, ba shi ne damuwata ba. Na ji a rediyon asibiti cewa guguwa ta ɗauke wutar Samcheonpo kwana huɗu. Ina labarin firizata da na bari a gidanki?

Ke kina kiran abin ciki shara. Shekara goma sha ɗaya ina tsintar soson tekun nan a tarin da jiragen jan koma ke zubarwa, masunta na dariya suna cewa malamin jami'a ya koma takara da kuliyoyi. Wani jan soso a cikinsu na gwada shi, yana kashe ƙwayoyin cutar da ke hana gyambo warkewa. Jami'a ba ta saurara ba, sallamata ta yi. Yanzu koma ta share ƙasan tekun wurin, ba za a sake samo irinsa ba. Tsohuwar ɗalibata, Dakta Eom Hyeran, ta yarda za ta zo ta duba ran biyar ga wata. Idan ya ruɓe, gaya min kai tsaye in hana ta wahalar hanya.

Yayanki,
Pilsu

Samcheonpo, 29 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa. Rufin ɗakina ya tafi, na gode da tambaya.

Ran da wutar ta ɗauke na buɗe firizar, ƙanƙara ta fara zama ruwa. Ni dai ban taɓa barin abin teku ya lalace a hannuna ba. Gishiri na so zubawa, amma ruwa ya cinye buhun. Sai na yi wa sosunan naka yadda Inna ke yi wa saiwoyi: na tsoma su a barasa mai ƙarfi, irin ta jiƙo, ba ta sha ba. Kwalba ashirin da uku, kowane da tasa, don ban san wanda ke jituwa da wani ba. Takardunka masu rubutun tsutsa na ɗaura su a wuyan kwalaben.

Maƙwabcina tsoho Bang ya leƙo, wai in sam masa ƙoƙo ɗaya saboda gwiwa. Na ce, “Sha, in ka mutu Yaya ya rubuta sakamakon.” Ya fita ba sallama.

In na yi ɓarna, ka yi faɗan idan ka iya tsayawa da ƙafarka.

Malsun

Busan, 9 ga Agusta

Malsun,

Ina gaishe ki, kuma yaya rufin? Ki sa a gyara, zan ji da shi.

Da na karanta kalmar gishiri sai da na ajiye wasiƙar na rufe ido. Da kin samu, da kin gama da ni. Barasa kuwa ita muke jiƙa su ciki a ɗakin gwaji.

Jiya Hyeran ta zo asibiti bayan ta bar wurinki. Kwalba biyar sun lalace, sauran lafiya. Ta ɗiga ruwan jan soson a kan ƙwayoyin cutar, washegari wurin ya yi fes. Ta ce, “Malam, tafiyar da nisa kafin a kira shi magani.” Na ce na sani, ni na koya mata wannan maganar. Ta kuma ce kin hana ta tafiya sai da ta ci miyar kifi kwano biyu.

Ban yafe wa jami'a ba, kar ki ɗauka na canza. Amma yau na cinye abincin asibiti tas, har na ce wa nas na gode. Ta taɓa goshina, ta tafi kiran likita.

Yayanki,
Pilsu