Oga, Ba Ni Na Cinye Birkin Jar Mota Ba

Zuwa ga tsohon maigidana, Oga Alhaji, Darakta a ɗaya daga cikin ma'aikatun da suka taso daga Legas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ni ne Sule direba, wanda ya tuƙa ka shekara bakwai a Legas, ya kuma biyo ka Abuja da gwamnati ta taso. Na sakaya sunanka saboda abincin gidanka da na ci. Na rubuto ta jarida ne domin sau uku ina zuwa ofishinka, masinja yana ce mini ka fita, alhali ina hango hularka ta taga.

Maganar jar motar nan taka ce mai kujera biyu, wadda aka ɗoro a kan tirela tun daga Legas don kada ta wahala, ni da iyalina muka biyo baya a motar kaya tare da kujerun ofis.

Na farko. A farkon damina, ina hanyar kai ta wanki, wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. A ranar na faɗa maka. Ka leƙa, ka ce motar Turawa ce, haka suke ƙawata abinsu.

Na biyu. Hankalina bai kwanta ba, na kai ta wajen Baba Kamoru, bakaniken da ya san irinta tun muna Legas. Ya cire taya, ya kira ni in gani da idona. Takalman birki sun cinye, abin da ya rage bai fi kaurin farce ba. Ya ce aikin fitilar ke nan: in takalmi ya sile har ya kai ga wata 'yar waya, sai ta kama. Da irin Hausarsa ya ce, "Ka gaya wa Oga, wannan mota yana so ya kashe mutum." Ya ƙara da cewa babu irin takalmin a Abuja, sai an aika Legas. Na isar da saƙo. Ka ce haka bakanikai suke, ko atishawa mota ta yi sai su ce a sauke inji.

Na uku. Da hasken ya dame ka, ka aike ni na sayo baƙin salatif. Ka yanka, ka liƙe fitilar da hannunka, ka ce, "To, ta mutu." Oga, ni na riƙe maka almakashin. Ba a jima ba motar ta fara ƙara duk sanda aka taka birki, kamar ana wasa wuƙa a dutse. Maganin da ka yi wa wannan shi ne ƙara sautin rediyo.

Na huɗu, ranar da muka je kasuwar kifi ta Kado. Asabar ce, Hajiya ta ce kifi take so. Ka ce kai za ka tuƙa, domin titunan Abuja sababbi ne, ga faɗi, ba kowa a kai, ba kamar Legas ba inda motar ba ta taɓa ganin giya ta huɗu ba. Ka sauke rufin don jama'a su gan ka. Ni na zauna a gefe, rungume da bokiti. Da muka gangaro wajen masu kifi ka taka birki, motar ta yi kuka, ta ci gaba da tafiyarta. Ka sake takawa. Ka fara salati, ka juyo kana tambayata me na yi wa motar. Ni na ja birkin hannu. Da ban ja ba, da ba a kan bahunan Mama Talatu mai kifi muka tsaya ba, da a kan Mama Talatu ne ita kanta.

Baho uku suka kife. Tarwaɗa ta watsu a titi, biyu suka faɗo cikin mota, ɗaya ta shige babbar rigarka. Masu cewa na yi dariya ba su faɗi daidai ba, tari ne ya sarƙe ni. Ni na bi kifi har ƙarƙashin motocin mutane ina kamowa, ni na ba matar haƙuri, ni na sha zagi da yare uku. Kai kuwa kana rumfar mai shayi ana yi maka fifita.

Na biyar, kuma shi ya fi ci mini rai. Ranar Litinin ka sallame ni. Wannan ikonka ne. Amma ka gaya wa abokanka daraktoci wai ni ke tuƙi a ranar, wai kuma ƙafata ce mai nauyi ta cinye birki. Direbobin sakatariya sun laƙa mini Sule Tarwaɗa, sunan har ya riga ni isa gidana a unguwar Dutse Alhaji. Wuri biyu an karɓi lasisina za a ɗauke ni, da aka ji sunan aka miƙo mini abina. Shekara ashirin ina tuƙi, ko kaza ban taɓa takewa ba. 'Ya'yana huɗu, na raba su da makarantarsu na kawo su garin da ban san kowa ba, saboda kai.

Ga roƙona. Ka rubuta mini takardar shaida da sa hannunka, cewa na yi maka aiki da amana. Ka faɗa wa abokanka wanda ke riƙe da sitiyari a ranar; ba sai ka ambaci rigar ba. Ka kuma je da ƙafarka ka gai da Mama Talatu, domin har yau in ta ji ƙarar mota sai ta miƙe tsaye.

Na ƙarshe ba don kaina ba ne. Na ji an gyara hancin motar, an yi mata sabon fenti, amma ba a aika Legas ba. Na kuma ji ka ɗauki sabon direba. Ban san shi ba, sai dai an ce matarsa na da tsohon ciki. Don Allah, Oga, kada ka miƙa masa makulli sai an sa takalman nan.

Allah Ya ƙara maka girma, Ya raya zuri'a, Ya tsare ka a hanya, Ya tsare mutanen da ke gefen hanya.

Wassalam.

Naka,
Sule direba,
Dutse Alhaji.