Altanetar da na ɓoye cikin buhun dusa

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, idan aka gane ni ban san abin da zai same ni ba. Don Allah ku ba ni shawara, ran mutum ne a ciki kuma lokaci ya ƙure. Ku yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a boko ba.

Ni matar aure ce, ƴaƴana biyu, ƙaramar tana goye. Muna wani ƙauye tsakanin Runka da Batsari. Maigidana yana da akori-kura, da ita yake kai gero da gyaɗa kasuwa, kuma tun da ɓarayin daji suka matsa mana aka yanke cewa duk ranar da suka shigo ita za ta kwashe mata da yara zuwa Safana. Wan maigidana, da muke ce wa Yaya, shi ne shugaban ƴan sa-kai na garinmu, sai ya ɗauki motar kamar tasa. Ya sa aka jera mata manyan fitilu a saman kai, aka sa jiniya, aka sa lasifika, aka ƙara wani akwati na cajin waya. Ba mu da lantarki, don haka kullum ƙofar gidanmu cike take, kowa ya kawo waya da tocila ya maƙala, motar kuma a kashe. A garinmu ba a hana maƙwabci caji, kamar ka hana shi ruwan sha ne.

Da motar ta fara wuyar tashi sai suka kira wani mai wayarin mota daga Batsari, zan kira shi Buba, ya ƙara mata batir na biyu. Ina bayan zana ina surfe, duk abin da suka faɗa a kunnena. Buba ya ce wa Yaya, "Yallaɓai, batir randa ne kawai, altaneta ce mai ɗebo ruwan. Wannan ƴar ƙarama ce, don fitilar gaba da hon aka yi ta. Ka ba ta randa biyu ta cika, gari duka yana sha, ai kashe ta za ku yi. Ku sayo babba, ko ku sauke fitilun nan." Altaneta dai wani ƙarfe ne jikin inji da ke juyawa yana ba batir wuta, ni ma ranar na sani. Yaya ya yi dariya ya ce, "Kai Bafillace, yaushe ka bar bin shanu har ka san wuta? Ɗaura abin da aka ce ka ɗaura." Buba ma ya yi dariya ya ce, "To Kaɗo, ni dai na faɗa." Har fura na miƙa musu suka sha tare.

Tun daga nan nake lura. Idan an kunna fitilun sama, sai na gaba su koma ja-ja kamar aci-balbal, hon yana fita kamar akuya mai mura, wata ƴar jar fitila a gaban direba tana ƙiftawa, kuma in maigida ya dawo ya tsayar da motar sai in ji wari kamar an ƙona roba. Na faɗa wa maigida, ya ce mai turmi me ya haɗa ta da inji.

Ranar da ɓarayin suka shigo da magariba ne, hadari ya haɗu. Muka ji babura da harbi ta yamma. Aka loda mu a baya, yara kan yara, Yaya da zai tsaya a gari da ƴan sa-kai yana ihu a kunna komai, jiniya don ƙauyukan kusa su ji, fitilu don ɓarayin su ɗauka sojoji ne. Ga ruwa ya sauko an kunna waifa mai share gilashi. Muna isa rafi na ga fitilun suna dushewa, jiniyar ta ja murya ta shaƙe, motar ta mutu tsakiyar yashi. Maigida yana murɗa makulli, ƙas, ƙas, ba komai. Nan suka cim mana. Matar Yaya tana gefena tana ƙoƙarin miƙa yaro ƙasa harsashi ya same ta a wuya, jininta ya jiƙe mini zane har cikin goyo. Suka jawo maigida ta taga, suka sare shi a kafaɗa, suka bi kansa da gindin bindiga har ya daina motsi. Suka tafi da mata, har da wata mai tsohon ciki. Ni na ja babban yarona muka faɗa gonar dawa, na toshe bakin ƙaramar da tafin hannu, har sai da na ɗauka na kashe ta.

Allah ya yi da sauran kwanan maigida. Amma bayan jana'iza Yaya ya ce mota mai batir biyu ba ta mutuwa da kanta, hannu aka sa. Ya aika wa Buba wai ya zo ya duba ta. Bawan Allah ya zo da jakar kayan aikinsa, ya fara da ta'aziyya, bai gama shafa fatiha ba suka danne shi. Suka ɗaure shi a ɗakin ƴan sa-kai, suna dukansa da wayar batir ɗin da ya ɗaura da hannunsa, suka karya masa yatsu, wai infoma ne, ƴan'uwansa na daji suka sa shi. Daga tsakar gidanmu ina jin muryarsa yana cewa ku buɗe ku duba altaneta, ai na faɗa muku. Yaya ya rantse a gaban jama'a Buba bai taɓa faɗa ba. Maigida yana wurin, ya sunkuyar da kai.

Na same shi a ɗaki na ce Baban Ummi ka ji tsoron Allah, ni na ji da kunnena. Da hannun da ya rage masa mai lafiya ya mare ni har leɓena ya fashe. Ya ce in na sake furtawa a bakin aurena, kuma in tuna kakata ta wajen uwa Bafillatana ce, kalma ɗaya Yaya zai yi a ɗaure ni kusa da Buba. Daga baya na ji shi yana kuka, ya ce wansa ya rasa mata, in ya yarda fitilunsa ne suka kashe ta haukacewa zai yi.

Abin da ya hana ni barci shi ne, su Yaya sun kawo wani makanike daga nesa, aka shigar da motar cikin gida aka rufe ƙofa, ya sa mata babbar altaneta, daidai abin da Buba ya ce, aka kuma sauke wasu fitilun. Kenan sun sani. Tsohuwar suka jefar a bola bayan madafina. Na ɗauko ta, wayoyin cikinta sun narke sun yi baƙi ƙirin, ni ban ga sawun wuƙa ko'ina ba. Na cusa ta cikin buhun dusa.

Jiya matar Buba ta zo da goyonta, ta durƙusa gaban Yaya suka kore ta. Ta leƙo gidanmu ta ce baiwar Allah a taimaka mini da ruwa. Na ba ta, na kasa kallon idonta. Ƴarta sa'ar tawa ce.

Ƴan sa-kai sun ce bayan sallar Juma'a za su raka Buba daji, kuma duk wanda aka raka ba ya dawowa. Maigari tsoron Yaya yake. In na kai magana wurin jami'an tsaro a Safana za su kama ƴan sa-kai, gari ya zauna ba mai gadi, a ce ni na sayar da shi. In na kai wa liman, ban sani ba ko zai iya riƙe sunana. Masu gyaran mota na cikin zauren nan, don Allah, idan makanike ya ga wannan altanetar zai iya shaida cewa nauyi ne ya ƙona ta ba hannun mutum ba? Wa zan kai wa, kuma in kai ƴaƴana ina kafin in buɗe baki?

Duk sanda na je ɗibar wa awaki dusa sai hannuna ya taɓa ta, har yanzu tana warin ƙuna. Jibi ne Juma'a. Ku gaya mini abin da zan yi.