Kaset ɗinka ya hana Baba zuwa asibiti

Turawa, Karaye
Watan Sha'aban, 1996

Zuwa ga Yaya Falalu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Zuwaira da yara. Allah ya ƙara rufa asiri a Jidda. Mu nan kalau, gyaɗa ta yi kyau, sai dai idon Baba.

Yaya, ka yi haƙuri da bakina, amma kaset ɗin da ka aiko ya yi mana ɓarna. A zaure aka kunna shi, rabin unguwa na zaune, kana ba da labarin injin asibitin da kake shara, wai haske ne ke gyara ido ba wuƙa ba jini. Tun ranar Baba ya ce ba mai taɓa masa ido a Kano, hasken Falalu zai jira. Likita kuwa ya ce yanar da ta rufe masa ido ta nuna, in aka ƙara jinkiri idon zai iya tafiya gaba ɗaya.

Ban zauna ba. Na samo mujallar Turanci a Kano, na bi ta da ƙamus har kaina ya yi ciwo. Injin nan bututu ne a rufe, cike da iskar fulorin mai guba da wata iskar. Sai a saki lantarki mai ƙarfi ya yi tsalle tsakanin ƙarafa biyu kamar walƙiya. Iskokin su haɗu na ƙiftawar ido, da sun rabu sai su fitar da hasken. Shi kuma saman ido kawai yake ferewa, don masu kuɗin da suka gaji da tabarau. Yanar Baba can ciki take! Ka tambayi ko da likita ɗaya kafin ka buɗe baki?

Na yi wa Baba bayani, ya ce ni da ko Zariya ban wuce ba zan ƙaryata wanda ya gani da idonsa. Jiya na tarar da shi riƙe da Alƙur'ani a juye, yana karantawa da ka, don kada Inna Hajjo ta gane ba ya gani.

Kada ka aiko wasiƙa, cewa zai yi ni na canza karatun. Ka ɗauki sabon kaset, ka ce da bakinka ya bi ni Kano, ka ba alhazan farko da za su dawo. Muryarka kaɗai yake ji.

Inna Hajjo da Safara'u suna gaishe ka. A shafa mini kan yara.

Ƙaninka da ke jira,
Lurwanu