Sigarin da Zan Naɗa wa Baba

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ya Mama da ciwon ƙafarta? Ya gona?

Ina lafiya a garin Esteli. Yatsuna na tsagewa wajen koyon naɗin sigari, amma ba komai. Jiya maigidanmu, Don Efrain, ya kunna min sigari irin na masu kuɗi, ya ce, "Wanda bai ɗanɗana ba, bai iya naɗi ba."

Na zuƙa har ƙirji, tari ya turnuƙe ni.

"Ke 'yar manomi, a baki ake riƙe hayaƙin!"

Na sake gwadawa, sai ga ƙamshin rumfar da kake shanya ganye.

Shekara talatin kana noman ganyen nan, ko sau ɗaya ba ka sha irinsa ba. Ba zan dawo ba sai na naɗa maka naka.

'Yarka,
Odalis