Akwati Mai Faifai Biyar

Litinin, 3 ga Maris
Na sabunta tsarin kwamfutar ɗakin hoton ƙashi, sai akwatin ajiya ya yi mini tsiya. Faifai biyar ne a cikinsa, waya ɗaya ke haɗa su da kwamfuta. Yanzu na farko kaɗai take gani. Hotunan marasa lafiya na shekara tara a warwatse suke a kan biyar ɗin, in faifan ba su fito duka ba, ko hoto ɗaya ba ya buɗuwa.

Talata, 4 ga Maris
Direban ne, wato ƴar manhajar da ke koya wa kwamfuta raba wayar nan gida biyar. Sabon tsari ya karya shi, tsohon kuma ya ƙi komawa. Masu tsarin ma sun ce ƙarshen wata za su cire direban, tunda ba mai kula da shi.
Likita ya leƙo: "Ƴata, akwai baiwar Allah da zan yi wa aiki ranar sha huɗu. Ina son hoton ƙugunta na kafin a sa ƙarfe." Na ce zai samu. Da wane baki na faɗa, oho.

Alhamis, 6 ga Maris
Yaya ya ce, "Ke dai girman kai zai kashe ki. Rubuta wa masu tsarin mana!" Ni mai gyara ce, ban taɓa rubuta manhaja ba. In je dandalinsu na intanet su yi mini dariya a bainar jama'a? Da kaina zan gyara.

Asabar, 8 ga Maris
Uku sun fito, suka sake ɓacewa. Kamar in yi kuka don haushi.

Litinin, 10 ga Maris
To, na rubuta. Ba don Yaya ba. Wanda ya ƙirƙiri direban ne ya amsa, wani dattijo da ya yi ritaya. Ko dariya bai yi ba. Nasa akwatin ya ƙone tuntuni, ya ce a makance yake gyara, ni zan zama idonsa. Yana turo gyara, ina gwadawa, sau bakwai yau.

Laraba, 12 ga Maris
Biyar! Ashe sabon tsarin gaggawa gare shi, ba ya jiran faifan su gama tashi. Ni na lura da haka, daga ƙarar jujjuyawarsu, dattijo kuma ya gyara direban ya riƙa jiransu. Likita ya karɓi hoton da ya nema, ya ce Allah ya yi albarka.

Juma'a, 14 ga Maris
An yi aikin lafiya.
Dattijo ya ce tsufa ya sa hannunsa rawa yake yanzu, ba zai iya kula da direban ba, kuma in ba a sa sunan mai kula ba, cirewa za su yi duk da gyaran. Na sa nawa. Na wucin gadi ne, kafin a samu wanda ya iya.
Wani ya rubuto daga can wata ƙasa, nasa akwatin faifai biyu kawai yake nunawa. Sai da na amsa masa sannan na tuna ban ci abincin rana ba.